Mazaɓar Enfield Southgate, 1950 zuwa 2024: Yadda Kujerar Gado Ta Suɓuce wa Masu Ra'ayin Riƙau

Da misalin ƙarfe uku na dare, wayewar garin Juma'a 2 ga Mayu 1997, baturen zaɓe ya tsaya gaban makirfo a wani zauren wasanni da ke Picketts Lock a arewacin Landan, 'yan takara suna jere a bayansa, domin ya karanta sakamakon mazaɓar Enfield Southgate. Bisa al'adar Birtaniya, da jerin haruffa ake bin sunayen, saboda haka sunan ministan tsaron ƙasar, Michael Portillo na jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau, ya riga na abokin karawarsa fitowa, da ƙuri'a 19,137. Da aka iso kan Stephen Twigg na jam'iyyar Leba, matashi ɗan shekara talatin wanda shi kansa bai shiga takarar da tsammanin nasara ba, sai aka ji 20,570. Twigg ya ɗaga ido sama yana murmushin wanda alheri ya zo wa ba shiri, kyamarori suka ɗauka, kuma wannan hoton ya zama abin da mutane da yawa suke tunawa da shi daga daren da mulkin shekara goma sha takwas na jam'iyyar Conservative ya zo ƙarshe. Har yau idan wani jigo ya sha kaye a kujerar da ake yi wa kallon ta gado, da sunan Portillo 'yan jaridar Birtaniya suke kwatanta abin.

Shaharar wannan dare ta yi wa tarihin mazaɓar illa guda, domin ta sa ana ba da labarinta kamar tsawa ce ta faɗo da rana tsaka. Wanda ya bi alƙaluman zaɓuɓɓukanta tun daga kafa ta a 1950 har zuwa rushe ta a 2024 zai ga cewa Leba ta ƙwace wannan kujera sau biyu ta hanyoyi biyu da ba su yi kama da juna ba. A 1997 aron kujerar masu zaɓe suka ba ta, suka kuma karɓe abinsu bayan shekara takwas. A 2017 kuwa, a zaɓen da bai yi amo ko kusa da na farko ba, mutanen da ke zaune a unguwannin ne suka riga suka sauya, kuma daga nan kujerar ba ta sake komawa hannun tsofaffin masu ita ba.

A tsarin zaɓen majalisar wakilai ta Birtaniya, kowace mazaɓa wakili ɗaya take turawa, kuma wanda ya fi kowa yawan ƙuri'a shi ne ya ci, ko da bai kai rabin abin da aka kaɗa ba. Babu zagaye na biyu, babu raba kujeru gwargwadon kason jam'iyyu. Wannan yana nufin cewa yadda ƙuri'un 'yan hamayya suka rarrabu, ko suka haɗu a wuri ɗaya, yana iya yanke hukunci fiye da farin jinin wanda ke kan kujera, kuma rabin labarin Southgate a nan yake.

Sunan Southgate ya samo asali ne daga ƙofar kudu ta dajin Enfield Chase, inda sarakunan Ingila suke farauta a da. Yankin ya daɗe yana ƙauye mai manyan gidajen attajirai da filaye a gundumar Middlesex, kuma layin dogo ne ya mayar da shi unguwar bayan gari. Tashar Arnos Grove ta jirgin ƙarƙashin ƙasa a layin Piccadilly ta buɗe a 1932, tashoshin Southgate da Cockfosters suka biyo baya a 1933, magina suka bi sawun jirgin suna jera gidaje masu haɗe da juna biyu-biyu, kowanne da ɗan lambunsa gaba da baya. Tsakanin 1921 da 1951 yawan jama'ar Southgate ya tashi daga ƙasa da dubu arba'in zuwa sama da dubu saba'in. Waɗanda suka sayi gidajen akasari akawu ne da malaman makaranta da ma'aikatan banki da masu ƙananan kasuwanci, mutanen da ke shiga tsakiyar Landan da safe su dawo da yamma, suna biyan bashin gida wata-wata, suna kuma tsoron duk abin da zai ƙara haraji ko ya rage darajar gidan. Irin waɗannan mutane su ne ƙashin bayan jam'iyyar Conservative a tsakiyar ƙarni na ashirin.

Sai dai mazaɓar ba launi ɗaya ba ce. A arewa akwai Hadley Wood da Cockfosters da dajin Trent Park, inda gidajen masu hannu da shuni suke kallon filayen da doka ta hana yin gini a kansu. A tsakiya akwai Winchmore Hill da Grange Park da Oakwood. A kudu kuma akwai Palmers Green da Bowes, inda babbar hanyar North Circular ta ratsa, gidaje suka fi cunkushewa, 'yan haya suka fi yawa. Kusan a kowane zaɓe, gwargwadon yadda mutum ya gangaro kudu, gwargwadon yadda ƙuri'ar Conservative take raguwa.

Wakilin farko, Beverley Baxter, haifaffen Toronto ne a Kanada kuma tsohon editan jaridar Daily Express. Tun 1935 yake wakiltar mazaɓar Wood Green, wadda Southgate take cikinta a lokacin, da aka raba kuwa a 1950 sai ya bi sabuwar kujerar, ya riƙe ta har rasuwarsa a Afrilun 1964. Anthony Berry, ɗan wani hamshaƙin mai jaridu, ya gaje shi a babban zaɓen Oktoban wannan shekarar. A 1965 aka haɗa Southgate da Enfield da Edmonton suka zama ƙaramar hukuma guda a cikin Landan, abin da ya sa daga 1974 aka ƙara wa mazaɓar sunan Enfield. Babu wani abin mamaki a sakamakon waɗannan shekaru talatin da ɗoriya, ban da abu ɗaya da ya kamata a riƙe: a zaɓuɓɓuka da dama jam'iyyar Liberal ce take zuwa ta biyu, Leba tana biye da ita a baya.

Ranar 12 ga Oktoba 1984, kafin asuba, bam ɗin da ƙungiyar IRA, ta 'yan bindiga masu yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, ta dasa ya tashi a otal ɗin Grand da ke Brighton, inda shugabannin Conservative suka sauka domin babban taron jam'iyyarsu. Firaminista Margaret Thatcher, wadda ita aka nufa, ta tsira, amma mutum biyar suka mutu, ciki har da Berry. Zaɓen cike gurbin da aka yi ranar 13 ga Disamba shi ya kawo Portillo, ɗan shekara talatin da ɗaya, mai ba ministan kuɗi Nigel Lawson shawara, wanda mahaifinsa ya gudo daga Sifen bayan yaƙin basasar ƙasar. Ya samu ƙuri'a 16,684, ɗan takarar Liberal ya samu 11,973, tazarar ta tsaya a 4,711. Leba ta tashi da ƙuri'a 4,000, ƙasa da kashi 12 cikin ɗari, kuma tun da a wancan lokaci doka ta ce wanda bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba ya yi asarar kuɗin ajiyar da ya biya kafin tsayawa takara, jam'iyyar ba ta ma karɓo kuɗinta ba. Daga wannan matsayi ta taso ta ci kujerar cikin shekara goma sha biyu da 'yan watanni. A wannan zaɓen cike gurbi har da wani ɗan takara da ya tsaya da taken neman sojojin Turkiyya su fice daga tsibirin Saifurus, alama ta farko a takardar ƙuri'a cewa akwai wata al'umma a mazaɓar da ke da nata lissafin.

Portillo ya mayar da tazarar sama da dubu goma sha takwas a 1987, a 1992 kuma ya samu ƙuri'a 28,422, wato kashi 58 cikin ɗari, ya ba Leba ratar 15,563. Wanda ya dubi wannan sakamako ba zai ga hayaƙi ba, amma wani abu ya riga ya motsa a ƙarƙashinsa, domin a 1992 Leba ce ta zo ta biyu da ƙuri'a 12,859. Duk mai neman ya hukunta gwamnati a Southgate ya san daga ranar inda zai kai ƙuri'arsa. Shekara biyu bayan haka, a 1994, Leba ta karɓe majalisar ƙaramar hukumar Enfield.

A cikin waɗannan shekaru tauraron Portillo yana ta hawa a Westminster, mazaunin majalisar ƙasar. Shi ne ƙaramin ministan da ya kare harajin kai da aka fi sani da jawo wa Thatcher baƙin jini, ya shiga majalisar ministoci a 1992, ya zama ministan ƙwadago a 1994, sannan ministan tsaro a 1995. Ɓangaren jam'iyyar da ke adawa da ƙarin haɗewa da Turai ya ɗauke shi magajin Thatcher. A lokacin da Firaminista John Major ya ajiye shugabancin jam'iyya ya sake neman sa a tsakiyar 1995, Portillo bai fito ya ƙalubalance shi ba, amma aka gano cewa magoya bayansa sun riga sun sa an ja layukan tarho a wani gida kusa da majalisa domin shirin zagaye na biyu, lamarin da ya bar masa tabon mai son kujera amma mai tsoron fitowa fili. A babban taron jam'iyya na wannan shekarar kuma ya yi wani jawabi mai zafi kan Turai yana jingina da sunan rundunar sojoji ta musamman ta SAS, wanda ya burge 'yan zauren, ya kuma ɓata wa da yawa a waje rai. A gida, reshen jam'iyyarsa ya shiga shirin sayar wa kamfanin McDonald's gininsa da ke Winchmore Hill, mazauna unguwar suka tashi tsaye suna adawa, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya a kan batun irin mutanen da suka saba zaɓensa ne.

Duk da haka Leba ba ta sa Southgate cikin kujerun da take hari ba. Hankalinta yana kan maƙwabtan mazaɓun Edmonton da Enfield North, inda tazarar take da sauƙin rufewa, ana zaton wuta a maƙera. Abin da ya sauya lissafi shi ne wani binciken jin ra'ayi da jaridar Observer ta buga a ƙarshen makon da ya gabaci zaɓen, wanda ya nuna cewa ratar da ke tsakanin Portillo da Twigg ta koma 'yar ƙanƙanuwa. Daga ranar magoya bayan Liberal Democrat, jam'iyyar da ta gaji Liberal, suka gane cewa ƙuri'arsu tana iya kayar da minista, 'yan sa-kai kuma suka kwararo mazaɓar a kwanakin ƙarshe. Twigg yana da wani abin da ya taimake shi: ɗan unguwar ne, a makarantar sakandare ta Southgate ya yi karatu kafin ya tafi Oxford ya kuma shugabanci ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa.

Idan aka warware alƙaluman 1997 ɗaya bayan ɗaya, za a ga Portillo ya rasa ƙuri'a 9,285 idan aka kwatanta da 1992, Leba ta ƙaru da 7,711, Liberal Democrat kuma ta sauko daga kimanin dubu bakwai zuwa 4,966. An ɗan taɓa iyakar mazaɓar tsakanin zaɓuɓɓukan biyu, amma ba taɓawar da za ta bayyana wannan gibi ba. Ma'aunin da masana zaɓe ke amfani da shi, wato matsakaicin abin da jam'iyya ɗaya ta rasa da abin da ɗayar ta samu, ya nuna sauyin kashi 17.4 cikin ɗari, alhali na ƙasa baki ɗaya kimanin kashi 10 ne. Kashi goman nan guguwar ƙasa ce, wadda ta fara kaɗawa tun ranar 16 ga Satumba 1992 da fam ya faɗo daga tsarin musayar kuɗin Turai, gwamnati ta rasa sunan da take tinƙaho da shi na iya riƙon tattalin arziki. Sauran kashi bakwai ɗin na Southgate ne da na Portillo, kuma a nan zaɓen dabara da fushin unguwa da sauyin mazauna suka haɗu.

Akwai wani bayani da aka daɗe ana maimaitawa, cewa jam'iyyar Referendum ta attajiri James Goldsmith, wadda ta tsaya kan neman ƙuri'ar raba gardama game da Turai, ita ce ta ja wa Portillo faɗuwa ta hanyar gutsurar ƙuri'unsa. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Ɗan takararta ya samu 1,342, tazarar Twigg kuwa 1,433 ce, saboda haka ko da a ce kowane mutum ɗaya daga cikinsu ya koma wa Portillo, abin da ba ya faruwa a zaɓe, da zai sha kaye da ƙuri'a 91. Abin dariyar lamarin dai shi ne jam'iyyar ta tsayar da ɗan takara a kan mutumin da ya fi kusan kowa a majalisar ministoci kusanci da ra'ayinta.

Portillo ya karɓi kayen cikin natsuwa a kan dandamali, kuma mutane da dama da ba sa ƙaunarsa sun yaba masa a kan hakan. Yana ɗaya daga cikin 'yan majalisar ministoci bakwai da suka rasa kujerunsu a daren da shugaban Leba Tony Blair ya samu rinjayen kujeru 179, Conservative ta koma 165. Duka kujeru uku na Enfield, waɗanda ke hannun Conservative a 1992, sun koma Leba. Tasirin ƙuri'a 1,433 ɗin nan ya wuce Southgate nesa, domin dokar jam'iyya ba ta ba wanda ba ɗan majalisa ba damar neman shugabanci, saboda haka aka yi takarar gadon Major babu Portillo, William Hague ya ci. Ya dawo majalisa a Nuwamban 1999 ta mazaɓar Kensington da Chelsea, ya nemi shugabancin a 2001, aka fitar da shi a zagayen ƙarshe na 'yan majalisa da bambancin ƙuri'a ɗaya tak, ya bar siyasa a 2005 ya koma shirye-shiryen talabijin.

A 2001 Twigg ya ninka tazararsa kusan sau huɗu zuwa 5,546, Conservative ta faɗo zuwa ƙuri'a 16,181, har wasu suka fara cewa kujerar ta zama ta Leba. Sun yi gaggawa. A 2002 Conservative ta ƙwace majalisar ƙaramar hukumar Enfield, a 2003 aka shiga yaƙin Iraƙi, a 2004 kuma aka zartar da dokar ƙara kuɗin jami'a, kuma irin masu ilimin bayan gari da suka ara wa Blair ƙuri'arsu su ne suka fi jin haushin waɗannan abubuwa. A 2005 David Burrowes, lauya kuma kansila a yankin, ya kayar da Twigg, wanda a lokacin ƙaramin minista ne mai kula da makarantu, da tazarar 1,747. Abin lura shi ne Burrowes ya ci da ƙuri'a 18,830, ƙasa da 19,137 da Portillo ya faɗi da su. Ƙuri'ar Twigg ce ta zube, daga 21,727 zuwa 17,083, kuma abin da Conservative ta ƙaru da shi bai kai kashi biyu cikin uku na wannan asara ba. Masu aron sun janye hannunsu, amma da yawansu ba su koma tsohon gidansu ba. Shi Twigg ya sake shiga majalisa a 2010 ta wata mazaɓa a Liverpool.

Ba za a fahimci siyasar wannan yanki ba sai an tsaya kan mutanen Saifurus. Sun fara zuwa Landan da yawa a shekarun 1950 da 1960, lokacin da tsibirin yake ƙarƙashin Birtaniya da kuma bayan samun 'yancinsa a 1960, wasu kuma suka biyo bayan mamayar Turkiyya ta 1974. Da farko a unguwannin tsakiyar birni irin su Camden suka zauna, suna aikin ɗinki da gidajen abinci, da hali ya samu sai suka riƙa haurawa arewa ta titin Green Lanes har suka cika Palmers Green, wadda ake tsokanarta da sunan unguwar Girkawa. Akwai masu jin Girkanci da masu jin Turkanci, ga kuma tsohuwar al'ummar Yahudawa a Southgate da Cockfosters, da Indiyawa da wasu da suka zo daga baya. Waɗannan mutane masu gidajen kansu ne kuma da yawa masu sana'ar kansu, saboda haka ba ƙuri'ar da wata jam'iyya za ta sa a aljihu ba ce. A Afrilun 2004 kimanin kashi uku cikin huɗu na Girkawan Saifurus suka yi watsi da shirin Kofi Annan na sake haɗe tsibirin, shirin da gwamnatin Blair ta mara wa baya, kuma a ganina da wuya a ce wannan bai taɓa ƙuri'ar ministan gwamnatin a Palmers Green ba bayan shekara guda. Burrowes ya fahimci haka, ya mayar da batun Saifurus ɗaya daga cikin manyan ayyukansa a majalisa.

Shekara goma sha biyu ya yi a kan kujerar, kuma ko abokan hamayyarsa ba su cika musanta cewa mai ƙwazo ne a aikin mazaɓa ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Kiristoci ta jam'iyyarsa tun yana ɗalibi, ya yi fice wajen adawa da dokar auren jinsi a 2013, ya kuma tsaya tsayin daka kan batun Gary McKinnon, mazaunin yankin da Amurka ta nemi a miƙa mata bisa zargin kutse a kwamfutocin sojinta, har ministar cikin gida Theresa May ta hana miƙa shi a Oktoban 2012. Tazararsa ta kai 7,626 a 2010. A 2015 kuwa, shekarar da David Cameron na Conservative ya samu rinjaye a ƙasa, ta ragu zuwa 4,753, duk da cewa kason Burrowes bai motsa daga kashi 49 da ɗoriya ba. Abin da ya faru shi ne Liberal Democrat ta ruguje bayan shiga gwamnatin haɗaka da Conservative, Leba ta kwashi kaso mai tsoka na abin da ya zube. A duka zaɓuɓɓukan biyu mutum ɗaya ne ya tsaya wa Leba, Bambos Charalambous, lauya, kansila a Enfield tun 1994, kuma ɗan asalin Girkawan Saifurus.

A daidai wannan lokaci unguwannin suna sauya fuska a hankali. Tsadar gidaje a tsakiyar Landan ta turo matasa masu digiri da iyalai masu ƙananan yara zuwa bayan gari, tsofaffin mazauna suna sayar da gidajensu suna ƙaura zuwa Hertfordshire da gaba, an yanka manyan gidaje da yawa an mayar da su ɗakunan haya. Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2016. Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai da kashi 51.9, ƙaramar hukumar Enfield ta zaɓi zama da kashi 55.8, kuma ƙiyasin masana ya nuna cewa a ɓangaren Southgate masu son zama sun haura kashi 60. Burrowes yana cikin masu goyon bayan ficewa. Shekara ashirin bayan Portillo, Turai ta sake shiga tsakanin wakilin Southgate da mutanensa, amma a wannan karo batun shi ne kan gaba a zaɓen.

A Yunin 2017, a karo na uku da ya gwada, Charalambous ya samu ƙuri'a 24,989, adadin da Leba ba ta taɓa kaiwa ba ko a zamanin Blair, ya kayar da Burrowes da tazarar 4,355. Kwatanta wannan da 1997 yana nuna bambancin da ake magana. Burrowes ya faɗi da ƙuri'a 20,634, wato fiye da abin da ya ci da shi a 2005, har ma fiye da 20,570 da Twigg ya kayar da Portillo da su. Ƙuri'ar Conservative ba ta rushe ba a wannan karo, ta ragu da ƙasa da dubu biyu kawai, Leba ce ta ƙaru da sama da dubu bakwai cikin shekara biyu, kuma ta yi haka a ƙarƙashin Jeremy Corbyn, shugaban da ya fi Blair nisa da ra'ayin tsofaffin mazauna Southgate nesa ba kusa ba, a zaɓen da jam'iyyar ba ta ci a ƙasa ba.

Zaɓen Disamban 2019 ne ya zama zakaran gwajin dafi. Boris Johnson ya samu rinjayen kujeru 80, Leba ta yi faɗuwar da rabon ta da irinta tun 1935, garuruwan ma'aikata a arewacin Ingila da ta riƙe shekara da shekaru suka juya mata baya. Burrowes ya sake tsayawa, da sunansa da sanayyarsa a unguwanni, kuma idan da nasarar 2017 aro ce irin ta 1997, wannan ce ranar da za a karɓe ta. Dukansu biyu sun rasa kimanin ƙuri'a dubu biyu-biyu, Charalambous ya tashi da 22,923, Burrowes da 18,473, tazarar ta ƙaru da 95 ta koma 4,450. Mazaɓar da a 1984 Leba ta kasa ceto kuɗin ajiyarta a cikinta ta tsaya mata a shekarar da Bolsover da Sedgefield, tsohuwar kujerar Blair, suka tafi. Majalisar ƙaramar hukumar ma, wadda sau biyu ta riga mazaɓar nuna inda iska ta dosa, ta koma hannun Leba a 2010, jam'iyyar ta kuma riƙe ta a 2014 da 2018 da 2022.

Ƙarshen mazaɓar bai zo ta akwatin zaɓe ba. Dokar sake shata iyakoki ta wajabta cewa, ban da wasu tsibirai kaɗan, kowace ɗaya daga cikin mazaɓu 650 ta ƙunshi masu rajista tsakanin 69,724 da 77,062, kuma da hukumar iyakoki ta zo daidaita arewacin Landan, inda adadin kujerun birnin ya tashi daga 73 zuwa 75, sai ta yanka Enfield Southgate gida uku. Winchmore Hill ta tafi ta haɗu da Edmonton, wani yanki ya shiga Enfield North, mafi girman kason kuma, wanda ya taso daga Cockfosters ya bi ta Southgate da Palmers Green, aka haɗa shi da Wood Green ta ƙaramar hukumar Haringey, unguwar da ta daɗe tana zaɓen Leba. A babban zaɓen 4 ga Yuli 2024 Charalambous ya ci sabuwar kujerar Southgate da Wood Green da tazara mai faɗi, Leba ta kuma lashe sauran biyun. Unguwannin biyu da aka raba a 1950, lokacin da Baxter ya bar Wood Green ya bi ɓangaren da ya fi aminci ga jam'iyyarsa, sun koma ƙarƙashin wakili ɗaya bayan shekara saba'in da huɗu.